Kansila, Filin Ƙwallo da Teɓar Jama'a: Amsar Wasiƙunku

Assalamu alaikum. Tun bayan bayanin da na yi a kan ƙiba a fitowar da ta gabata wasiƙu suke shigowa, wasu na godiya, wasu na faɗa. Na tsamo guda shida da suka bi hanya ɗaya, wato ina ruwan ƙaramar hukuma da nauyin jikin mutane. Na rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda muka saba ban sa sunan kowa ba.

TAMBAYA: Hajiya, ni sabon kansila ne. Kullum da safe ƙofar gidana cike take, kuma mafi yawan takardun da ake miƙo mini na sayen maganin hawan jini ne da ciwon suga. Wani likita abokina ya ce da yawa daga cikin wannan ƙiba ce da zama wuri ɗaya suke jawo shi. To amma abin da mutum ya zuba wa cikinsa ai ba hurumin hukuma ba ne. Mene ne namu a ciki?

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo. Gaskiyarka, babu dokar da za ta ba ka ikon leƙa tukunyar mutum ka ce ya rage mai. Sai dai kafin abinci ya kai tukunya ta kasuwa yake bi, kasuwa kuwa taku ce. Na yi aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda kansiloli suke cinye wa'adinsu ba su taɓa buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba. Bai fi shafi biyu ba. A ciki aka jera aikinku: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, tituna da layuka, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, sa ido a kan gidajen abinci da gidajen burodi, allunan talla, sannan da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ka sake karanta jerin nan a tsanake. Abin da yake sa mutum ya taka da ƙafa ko ya tsayar da mai babur, ya sayi alayyahu ko ya sayi taliya, kusan duk yana ciki.

Ka fara da fili, domin shi ne idan ya tafi ba ya dawowa. Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Yara suna ƙwallo a wuri tun zamanin iyayensu, sai wata safiya a tashi a ga tifa ta sauke yashi a tsakiya, bayan mako guda an jera bulo, bayan wata uku shaguna sun tsaya. Haka ake gutsurar harabar makaranta da gefen filin idi. Ka kira masu unguwanni da dagaci ku zagaya mazaɓarka da ƙafa, ku rubuta kowane fili na jama'a, ku auna shi, ka kai takardar gaban majalisa a shigar da ita cikin kundi. A ƙarƙashin Dokar Filaye ta 1978 filin cikin birni yana hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da takardarsa, saboda haka idan mazaɓarka ta karkara ce babu wanda za ka ɗora wa laifi. Bayan rubutu, a kewaye filin da darbejiya, a kafa ragar ƙwallo, a ba ƙungiyar samarin unguwa amanarsa. Filin da samari ɗari suke zuwa kowace yamma ba ya satuwa da sauƙi.

Na biyu, hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Mutanenmu a da suna cika wannan ba tare da sun san sunansa ba: masallaci, kasuwa, gona, gaisuwar mara lafiya, duk a ƙafa. Yanzu mace za ta je unguwar da bai fi tafiyar minti goma ba, sai ta tsayar da adaidaita. Kada ka yi saurin ce mata raguwa. Kwata a buɗe take, masu kasa kaya sun cinye gefen titi, babu itace ko ɗaya da za ta fake a ranar watan Afrilu, da magariba kuma duhu da 'yan ƙwacen waya. A rufe kwatar da silab, a sa fitilu masu aiki da hasken rana a layukan da ake yawan bi, a dasa itatuwa a ba kowane mai shago wanda yake ƙofarsa ya shayar. A takardar kasafi za a rubuta su a ƙarƙashin sashen ayyuka, amma ni a wurina aikin lafiya ne.

Akwai wani abu da hukumar birnin Bogota na ƙasar Kolombiya take yi wanda ya samo asali tun 1974. Kowace Lahadi daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana ana rufe wa motoci tituna masu tsawon fiye da kilomita 100, a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ba na cewa ka yi irin wannan girman. Amma a jihohi irin su Kano ana hana zirga-zirgar ababen hawa da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli, kuma da ma samari kan mamaye titi da ƙwallo a lokacin. Me zai hana a ɗauki titi ɗaya a mazaɓarka a ƙara masa awa guda bayan shara, dattawa su taka, yara su yi tseren keke?

Na uku, asibitin sha-ka-tafi. Na san jihohi da yawa sun mayar da ma'aikatan lafiya matakin farko ƙarƙashin hukumar jiha, amma kwamitin ci gaban mazaɓa yana nan, kuma kai ne kusa da shi. Ka je ka duba da idonka ko akwai sikelin manya mai aiki, da tef na awon ƙugu, da na'urar awon hawan jini. Kuɗinsu duka bai kai abin da kake rabarwa a ƙofar gida cikin 'yan makonni ba. Idan sun samu, a riƙa fitar da tebur ranar kasuwa a auna duk mai so kyauta. Hawan jini ba ya sallama, da yawa ba sa sanin suna da shi sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Maganar kuɗi kuwa, kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya shi ne kashi 20.6 cikin ɗari, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kai tsaye. Ko suna isowa ko ba sa isowa, kai ka fi ni sani. Shi ya sa na fara maka da lissafin filaye, wanda biro da takarda kawai yake ci.

TAMBAYA: Haba Hajiya! Mutane suna kwana da yunwa, mudun shinkafa ya gagari talaka, asibitoci cike da yara masu tamowa, ke kuma kina maganar ƙiba. Wannan ai ciwon masu kuɗi ne. A bar ciyaman ya ji da yunwa tukuna.

AMSA: Malam, na ji zafin maganarka kuma ban ga laifinka ba. Na riƙe yaran da hannunsu bai fi kaurin babban yatsana biyu ba, don haka ba wanda zai koya mini tamowa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, waɗanda suka rame kuma kashi 12 ne. Ranar awo sau da yawa nakan ga su a benci ɗaya, uwa ta cika kujera, yaron da ke bayanta bai kai nauyin watanninsa ba.

Dalili shi ne idan kuɗi ya yi ƙaranci abin da ake fara yankewa shi ne nama da ƙwai da nono da kayan marmari. Abin da ya rage shi ne mai cika ciki da arha: taliya da mai da yaji, farar shinkafa, burodi da shayin da aka zuba wa sukari ludayi guda, rogo, dunƙule mai yawa don miya ta yi ɗanɗano. Babba ya ci wannan kullum yana zaune sai ya yi teɓa, jininsa kuma babu ƙarfi. Yaro ya ci sai ya ƙi tsawo. Sannan likitoci sun daɗe da gano cewa yaron da ya tsumbure tun yana ƙarami, idan ya girma ya samu abinci mai yawan mai da sukari, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini. Ka ga tamowar yau tana cikin masu haifar da layin masu ciwon suga na shekara talatin masu zuwa.

Abin da ciyaman zai yi wa tamowa shi zai yi wa ƙiba. Mai kayan gwari da ya taso daga fadama yana biyan kuɗi a shinge, ya biya a ƙofar kasuwa, ya biya na rumfa, ya biya na shara, duk a kan tumatirin da zai ruɓe gobe. Wannan kuɗin a kan mai cefane yake ƙarewa. Ƙaramar hukuma tana iya haɗe su wuri ɗaya ko ta yafe wa masu ganye da kayan lambu, ta ba su rumfa mai inuwa da ruwa a bakin kasuwa maimakon can baya kusa da juji. Tana iya gyara kwalbatin da ya yanke hanyar lambu da damina. Ma'aikatan gonarta suna iya raba irin zogale da rama da alayyahu ga matan gida su shuka a buhu. Kuma idan za a yi rabon tallafin azumi, wa ya ce dole sai shinkafa da taliya da sukari? Wake da gero da gyaɗa a gonakinmu ake noma su, sayensu ma taimakon manomin yankin ne.

TAMBAYA: Mama, ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwa ta uku jikina ya buɗe, yanzu gwiwoyina ciwo suke, ko sallah sai da dabara. An ce in riƙa motsa jiki, amma wurin da ake yi a garinmu maza ne a ciki, maigidana kuma ba zai yarda ba, ni ma ba zan so ba. Ina zan sa kaina?

AMSA: 'Yata, sannu. Irin wasiƙarki ta fi kowace yawa a jakata. Kakanninki ba su san wani wurin motsa jiki ba, amma sun yi daka da surfe da niƙa a dutse, sun ja guga, sun ɗauko itace. Inji da famfo da gas sun ɗauke wannan wahala, mun gode Allah, ba mai son ta dawo. Sai dai kwanon tuwo bai ragu ba, kuma ba a kawo wani abu a madadin turmin ba.

Ki fara sanin inda kike. Ki samo zare ki auna tsawonki daga ƙasa zuwa ka, ki yanke, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mafi haɗari. A asibiti za su yi miki lissafin da suke kira BMI, wato nauyi a kilo a raba da tsawo a mita sau kansa. Mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 85 za ta samu 31. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba sosai. Ki sa a auna miki jini da suga a ranar. Kada ki ɗora wa kanki sai kin koma jikin 'yammatanci. Mai kilo 85 ta rage biyar zuwa takwas kawai, gwiwa da jini za su shaida. Tsakar gida ta isa farawa: zagaye da sauri na minti goma bayan asuba, goma da la'asar, goma bayan abincin dare.

Amma ke kaɗai a tsakar gida za ki gaji cikin mako biyu, na sani. A nan ne hukuma take da aiki. Ƙananan hukumomi da yawa suna da cibiyar mata, wasu tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Wasu suna aiki, wasu kekunan ɗinkin ciki sun yi tsatsa, awaki ne suke kwana a baranda. Akwai kuma makarantun firamare masu katanga da suke zama fayau daga azahar. Ku haɗu ku goma ko ashirin daga Islamiyyarku, ku sa malamarku a gaba, ku je wurin shugabar sashen mata ta ƙaramar hukuma ku nemi abu uku: a ba ku wuri mai katanga sau uku a mako, a sa maigadi a waje, a turo ma'aikaciyar lafiya mace ta riƙa jagora tana auna ku duk wata. Ku bi ta wurin mai unguwa da liman tun farko don kada magana ta canza kafin ta isa kunnen mazajenku. Ba sai da wasu injuna ba. Tafiya da sauri da gaɗa irin wadda kuka yi a dandali kuna yara sun isa su fitar da gumi.

Shi kuma maigida, ki karanta masa wannan: Alhaji, kuɗin maganin suga na wata ɗaya ya fi kuɗin takalmin tafiya, kuma maganin ba a gama sayensa.

TAMBAYA: Anti, bikina saura wata biyu. Ƙawayena sun ce na cika rama, in sayi sha-ka-fashe don in ciko kafin ranar. A tashar motar garinmu ma ana sayarwa a fili. Yana da illa?

AMSA: Ƙanwata, kada ki sha. Abin da ake haɗawa a ƙullin nan yawanci ƙwayoyi biyu ne. Ɗaya sunanta dexamethasone, magani ne mai ƙarfi da likita yake bayarwa a kan asma mai tsanani da wasu cututtuka, na ɗan lokaci kuma da lissafi. Ɗayar cyproheptadine, ta ƙaiƙayi da mura ce, tana buɗe ciki ta sa barci. Cikar da ake gani ruwa ne da kitse suke taruwa a fuska da wuya da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Bayan haka sai suga ya hau, jini ya hau, fata ta yi nankarwa, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice, jiki ya kasa yaƙar ƙananan cututtuka. Idan kin riga kin fara kuma kin kwana biyu a kai, kada ki yanke rana ɗaya, domin yankewar gaba ɗaya tana iya kayar da mutum. Ki je asibiti ki faɗi gaskiya a rage miki a hankali.

Rajistar magani aikin NAFDAC ne, lasisin kemis kuma na hukumar masu harhaɗa magunguna. Amma mai baza ƙwayoyi a faranti cikin rana, da mai lasifika a bayan mota yana tallan maganin ƙiba da na basir a tasha, a filin ƙaramar hukuma suke tsaye, kuma ma'aikacinta yana yankar musu rasit kowace rana. Wanda ya iya karɓar kuɗin rasit ya iya cewa a tattara. Da sarkin kasuwa da shugaban tasha da duba-gari za su zauna sau ɗaya su yanke magana, da an rage.

Wanda zai aure ki kuwa a haka ya gan ki ya kai kuɗi.

TAMBAYA: Hajiya, ni malamar firamare ce. Da an buga tara yara sai su yi bakin ƙofa: alawa, cingam, lemon leda mai kala, ƙanƙarar zoɓo da sukari kamar zuma. Ruwan sha babu a makarantar. Darasin wasanni kuma yana kan jadawali kawai. Hedimasta ya ce mu kori masu tallan. Daidai ne?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da kika lura. Amma ban goyi bayan kora ba. Matan nan da yawansu zawarawa ne da masu riƙon marayu, da cinikin nan suke ci. Kin kore su yau, gobe suna bayan katanga suna miƙa kaya ta rami, ke kuma kin yi abokan gaba a unguwa.

A Ingila wata ƙaramar hukuma a gabashin Landan mai suna Waltham Forest ta kafa ƙa'ida a 2009 cewa ba za ta ƙara ba da izinin buɗe sabon shagon soye-soye a cikin tazarar mita 400 daga makaranta ba, wasu da dama kuma suka bi sahu. Abin lura a nan, da ikon ba da izini suka yi aiki, ba su rushe shagon kowa ba. Namu ya fi nasu sauƙi. Ki kai maganar kwamitin gudanar da makaranta, su kai wa sakataren ilimi. A yi wa masu tallan rumfa a cikin harabar, a rubuta sunayensu, duba-gari ya riƙa leƙa tsaftarsu, a yafe musu kuɗin rasit. Sharaɗi shi ne abin da za a kasa: dafaffen ƙwai, gyaɗa, alala, ɗanwake, awara, dafaffiyar masara, kwaɗon zogale, gwaiba, mangwaro, goruba, ɗinya, duk abin da lokacinsa ya kama. Zoɓo da kunun aya su zauna, amma a rage sukari sannu a hankali har harshen yara ya saba. Mai talla riba take nema, idan ƙwai ya fi alawa fita ba sai an roƙe ta ba.

Ga lissafin da za ki yi wa iyaye ranar taro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da jiki yake ƙonawa, wato wajen giram 50 ga baligi a yini, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemon kwalba ta rabin lita ɗaya tak tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya, ga yaro kuwa ta wuce. Ki zo da sukari da cokali ki ɗebo goma sha biyu a kofi a gabansu. Na sha yin haka, kuma ɗakin yakan yi tsit.

Ruwan sha shi ne na farko a jerin abin da za ku nema. Yaron da ƙishi ya kama, naira hamsin a hannunsa, babu famfo, lemon leda zai saya. Ko randa biyu masu murfi da mai ruwa da ake biya duk mako sun fi babu, kafin a samu burtsatse. Wasanni kuma, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar awa guda na guje-guje kowace rana. Rashin ƙwallo ba hujja ba ne, langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya ba sa cin ko kwabo. A tuna da 'yan mata, don su ake fara cewa su zauna a inuwa. Gasar makarantu ta mazaɓa sau ɗaya a zango, kofi ɗaya da buhun lemon zaƙi, kansila zai iya ɗauka daga aljihunsa, kuma zai so a ɗauke shi hoto yana miƙa kofin.

TAMBAYA: Na ji an ce wasu ƙasashe suna sa haraji a kan lemon kwalba. Me zai hana ciyaman ɗinmu ya sa nasa?

AMSA: Ɗana, haka ne. Meziko ta fara a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, mu ma Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a kan kowace lita. Amma irin wannan haraji na gwamnatin tarayya ne, a masana'anta ake karɓarsa. Ciyaman ya ce zai sa nasa, abin da za a samu shi ne ƙarin masu karɓar haraji da sanda da gora a kan hanya suna tare masu kura, kuma muna da isassu.

Abin da yake hannunsa allunan talla ne. Hukumar sufurin Landan ta hana tallan abinci mai yawan mai da gishiri da sukari a jiragen ƙasa da motocinta tun Fabrairun 2019. Shi ma yana iya cewa ba a kafa allon lemo ko na alawa a jikin katangar firamare ko ta asibiti, ko da kamfanin ya yi alkawarin fenti kyauta. Sai kuma teburinsa. Duk taron da aka yi a sakatariya, har na wayar da kai a kan ciwon suga, a ƙarshe katan-katan na lemo ake shigowa da su da cincin da soyayyen nama. Na zauna a irin wannan taro ina kallon mai jawabi yana kora bayaninsa da kwalba ta biyu. Takarda ɗaya daga ofishin ciyaman ta isa ta mayar da abin sha ya zama ruwa, abin taɓawa kuma ayaba da gyaɗa da kankana daga kasuwar garin.

Masu tambaya a kan azumi da ciwon suga, da baiwar Allahn da ta rubuto a kan ƙibar ɗanta mai shekara tara, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.